Layi na Uku a Katin Yaya

Lahadi, 1 ga Disamba, ƙarfe 4:30 na yamma

Yau muka yi katunan bana a Zumuntar Mata. Haka Uwar Zumunta take yi mana duk shekara in watan Kirsimeti ya kama. A raba fararen katuna, kowace mace ta rubuta mutum ɗaya wanda bai karɓi Ubangiji Yesu ba, wanda take ɗauke da shi a zuciya. Layi uku ne. Na farko sunansa da inda za a same shi, na biyu damuwarsa, na uku ƙofar da muke gani Ubangiji ya buɗe. Sai a zuba a kwando a juya, kowa ta ɗauki na wata, ta yi ta addu'a a kai. In makon Kirsimeti ya zo ta kai wa mutumin 'yar tsaraba da gaisuwa. Wai in baƙuwar fuska ce ta je, maganar ta fi shiga.

Shekara goma ina rubuta ƙanen maigida, wanda kowa ya san damuwarsa a kwalba take. Bana Uwar Zumunta ta tsaya a kaina ta ce, "'Yata, shi kaɗai kika sani a duniya? Ita abokiyar aikin taki da kullum take bakinki fa?" Mata suka yi dariya. Ni kuwa tun ina yarinya ba na ɗaukar dariya. Na ja biro na rubuta Yaya.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. Ta girme ni da shekara takwas, ita ta koya mini aiki a ɗakin wankin asibiti, tun ranar nake ce mata Yaya. Musulma ce mai riƙo da addininta. In ta shimfiɗa darduma a bayan injin busarwa ni nake tsare mata injina, in Lahadi ko Kirsimeti ta faɗo a kaina ita take karɓar mini aiki. Mai Waƙa take ce mini, wai muryata ta fi ƙarar injin lamba biyu muni amma ta saba.

A layi na biyu na ɗan tsaya. Na ukun kuwa da sauri ya fito, har na ji daɗin yadda ya tsaru.

Ina so ta san abin da na sani. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma ba zan ji kunyar rubuta shi ba.

Juma'a, 6 ga Disamba, ƙarfe 5:50 na yamma

Sista ce ta ɗauki katin. Ba zan iya rubuta komai yau ba.

Asabar, 7 ga Disamba, ƙarfe 10 na safe

Mata arba'in da wani abu ne a zumuntarmu. Mutum biyu ne kacal a cikinsu suke aiki a asibitin nan, ni da Sistar ɗakin maza. Ban ko kawo a raina ba.

Sista mutuniyar kirki ce, amma in ta ji abu sai ta sauke shi kafin ya huce. An ce makon Kirsimeti, ita ta kasa jira. Jiya wajen sha biyu sai ga ta a ɗakin wanki da leda a hannu, baki har kunne. Oga, shugaban sashenmu, yana tsaye a bakin ƙofa yana duba jadawalin aiki. Ta wuce shi ta kama hannun Yaya ta ce, da muryarta ta ɗakin marasa lafiya wadda kurma ma zai ji, "Yaya, muna ta addu'a a kan idon nan naki. Mai buɗe idon makafi yana nan, bai canza ba."

Idon Yaya ya fi shekara ɗaya da rabi yana raguwa. Ni kaɗai ta gaya wa, a kan benci, tana wasa da bakin mayafinta. Ta ce saura shekara biyu ta cika shekarun aiki, in Oga ya ji za a ce ba za ta tsaya gaban inji ba. Ta ce in rufa mata asiri, na ce har kabari. Tun daga nan muka shirya abinmu. Tambarin da ke kusurwar kowane zani ni nake karantawa da ƙarfi kamar mai magana da kanta: ɗakin haihuwa, ɗakin yara, tiyata. Jarkar bilic, ruwan da ke farar da kaya, da ta sabulun ruwa kamarsu ɗaya, sai na ɗaura roba a hannun ta bilic, in ta shafa ta sani. Ba wanda ya taɓa lura.

Oga ya ɗago kai daga jadawalinsa ya ce, "Wane ido?"

Yaya ba ta kalle shi ba, ba ta kalli Sista ba. Wajen da nake ta juyo. Na san ba ta ganin fuskata sosai daga nesa haka, amma na sunkuyar da kai. Ta karɓi ledar, ta ce wa Sista ta gode, Allah ya saka da alheri. Ta ajiye a ƙarƙashin tebur ta ci gaba da aikinta har muka tashi.

Ina jin tsoro zan rasa ta. Aikinta ma ina jin tsoro, amma in zan faɗi gaskiya a littafin nan, ita nake tsoron rasawa.

Litinin, 9 ga Disamba, ƙarfe 6:15 na yamma

Yau Yaya ta ninke zannuwan gado ita kaɗai.

Wanda bai yi aikin nan ba zai ce mene ne a ciki. Zanin gado aikin mutum biyu ne. Ki kama baki biyu, ta kama baki biyu, ku ja, ku kaɗe, ku tako har hannuwanku su haɗu, ta karɓe, ki sunkuya ki ɗauko ƙasan. Shekara goma sha ɗaya muna yi, ko kallon juna ba ma buƙata. A nan muke duk hirarmu, a nan na ji rasuwar mijinta dalla-dalla, a nan ta ji ɓarin da na yi har biyu. Yau na miƙa hannu, sai ta danne bakin zanin da haɓa ta ninke a ƙirjinta. Ya fito a karkace. Yaya da ko rigar filo ba ta bari ta fita a karkace.

Na ce mata ina son magana. Ta ce aiki ya yi yawa.

Talata, 10 ga Disamba, ƙarfe 1:20 na rana, a kan benci

Bakina ya riga ya saba. Na ɗago zani na ce, "Ɗakin haihuwa." Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Malama, ki daina karanta mini. Na gode."

Malama.

Laraba, 11 ga Disamba, ƙarfe 7 na yamma

Na hau sama na sami Sista a ɗakin shan shayinsu. Na shiga da niyyar in wanke ta tas, har na tsara abin da zan faɗa tun a matakala. Na fara kuwa. Ta bar ni na yi nisa, sannan ta ce cikin sanyi ita fa abin da ta gani a kati ta faɗa, ba a rubuta cewa sirri ne ba, kuma ba ita ta riƙe biron ba. Haushi na ji ƙwarai, don ba abin da ya fi ciwo kamar mai rawar kai ta fi ki gaskiya.

Na ce to ta ba ni katin in yaga. Ta buɗe jaka, ta zazzage, ta duba aljihun rigar aiki. Sai ta dafe baki. Wai a cikin ɗan littafin bishara da ta sa a ledar ta ajiye shi, tana sa alamar inda labarin haihuwar Yesu ya fara, don Yaya ta same shi da sauƙi. Ta manta ba ta cire ba.

Katin yana hannun Yaya, da rubutuna, da layi ukun duka.

Na sauko matakala. Ita ba za ta iya karanta rubutuna ba, ƙanana nake yi. Amma tana da 'ya a gida mai ido biyu garau, malamar makaranta ce ma.

Alhamis, 12 ga Disamba, ƙarfe 6 na yamma

An karanta mata ko ba a karanta ba? Duk yini fuskarta nake dubawa. Ba a gane komai.

Juma'a, 13 ga Disamba, ƙarfe 6:30 na yamma

Oga ya ba ta takarda ta je sashen ido ranar Alhamis mai zuwa. Bai yi faɗa ba, shi ma kamar kunya yake ji. Ta karɓa ta riƙe a hannu tana juya ta. Da can da ta miƙo mini ta ƙasan tebur. Yau ta ninke ta huɗu ta sa a jaka.

Da azahar ta shimfiɗa darduma. Na je na tsaya gaban injinta kamar kullum. Wannan dai ba ta hana ni ba.

Lahadi, 15 ga Disamba, ƙarfe 3:40 na rana

Na yi abin kunya a zumunta, kuma ban tabbata na yi nadama ba.

Sista ta ba da labari a matsayin shaida. Wai an shuka iri, sai dai ƙasar da ɗan tauri. Uwar Zumunta ta ce kada mu karaya, duk mai ɗaukar bishara sai ya gamu da ƙi, har ta dube ni da tausayi kamar ni ce aka cuta. Wata daga baya ta ce ai wataƙila ta haka Ubangiji zai sa a duba idon a yi magani. Aka ce amin.

Na miƙe ban nemi izini ba. Na ce ba wanda ya ƙi bishara a nan, amana aka ba ni na zuba a kwando aka juya. Na ce matar da kuke cewa ƙasa mai tauri ita take tsaya mini a aiki duk Lahadi don in zo in zauna a bencin nan in yi muku waƙa.

Bayan an tashi Uwar Zumunta ta riƙe ni. Tsohuwa ce mai hankali, ba zan ci amanarta ita ma a nan ba. Ta ce shekara ashirin tana yin katunan nan, kuma ta ga gidajen da suka gyaru ta dalilinsu, ni ma na san wasu. Ta ce amma ita cewa ta yi a rubuta damuwa, ba ta ce a rubuta sirri ba. Sannan ta tambaye ni me na sa a layi na uku. Na ce na manta.

Ban manta ba. Ko harafi ɗaya ban manta ba.

Litinin, 16 ga Disamba, ƙarfe 6:45 na safe

Maigida ya gaji da ganina haka. Yana ɗaura takalmi ya ce in je gidanta in durƙusa kawai, mata muna son tsawaita abu. Na ce matsalar ba a nan take ba. Ya ce to a ina take? Na ce ya tafi aiki zai makara.

Ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Shekara goma kina rubuta ƙanena. Me kike sa masa a layi na uku?" Da wasa ya faɗa. Ban yi dariya ba.

Laraba, 18 ga Disamba, ƙarfe 5:30 na yamma

An kawo sababbin jarkoki jiya da yamma bayan na tashi, aka kwashe tsofaffin. Robar ta tafi da tsohuwar jarka. Da safe na gani, na ce bari in gama jera kwandunan nan in nemo wata. Kafin in gama, Yaya ta loda korayen rigunan tiyata a inji lamba uku, ta shafa hannun jarka, ba ta ji roba ba, ta zuba.

Riga ashirin da shida. Sun fito dabbare-dabbare kamar an watsa musu nono.

Oga ya zo ya tsaya a kansu. Kafin ya buɗe baki na ce ni ce, hankalina ne ya tafi. Sai Yaya ta ce, "Kada ki ƙara ƙarya a kai. Oga, ni na zuba. Ban ga rubutun ba." A tsaye take, hannunta a gefe, kanta a sama. Ban taɓa jin ta faɗi haka da bakinta a gaban wani ba.

Da Oga ya fita na je na ciro robar gashina na ɗaura a sabuwar jarkar. Aikin banza, bayan an riga an yi ɓarna. Ta ji ƙarar robar, na san ta ji, ta ci gaba da aikinta.

Alhamis, 19 ga Disamba, ƙarfe 12 na rana

Tana sama a sashen ido. 'Yarta ce ta raka ta. Ni na yi mata alkawarin rakiya tun bara, in ranar ta zo.

Juma'a, 20 ga Disamba, ƙarfe 6:20 na yamma

A bakin mai shara na ji, ba a bakinta ba. Jijiyar idon ce. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe abin da ya rage da maganin ɗigawa. Ba za ta ƙara tsayawa gaban inji ba. Za ta ƙarasa watan nan a teburin ninki, daga nan ta huta.

Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana. Na yi addu'a, ko in ce na yi faɗa. Na ce Ubangiji, ai don sunanka na yi. Ina faɗa ina jin yadda maganar take wari a bakina. Don kada a yi mini dariya na yi. Don Uwar Zumunta ta ga ni ma ina da babban kifi, ba mashayin ƙanen miji kaɗai ba.

Amma kuma ina son ta san shi. Duka biyun gaskiya ne, kuma sun cakuɗe, na kasa raba su.

Lahadi, 22 ga Disamba, ƙarfe 5:10 na yamma

Yau ranar kai tsaraba. Na so in ce ba ni da lafiya, amma katin da na ɗauka yana jakata mako uku, kuma na yi addu'a a kansa kullum, ko a ranakun da addu'ar ba ta wuce rufin ɗaki ba. Wata mai sayar da zare da maɓallai ce a bayan tashar mota. Layi na biyu ya ce ɗanta yana gidan yari. Na ukun ba zan kwafe shi a nan ba. Wadda ta rubuta 'yar'uwata ce a hali, ko wace ce.

Na same ta tana jera maɓallai a faranti. Na gaya mata daga inda nake, ban ɓoye ba. Na ba ta ledar, sabulu da biskit da ɗan littafi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa ya aiko ni, me aka ce mini a kanta. Na ce wata mai ƙaunarta ce ta ba da sunanta, kuma abin da aka faɗa mini ba zai fita daga bakina ba, ko a gabanta, sai in ita ta so. Sai ta jawo mini kujera.

Ta tambaye ni me ya sa muke rabon kaya a wannan watan. Na gaya mata yadda na iya, cewa muna murna ne Allah bai tsaya daga nesa ba, ya zo inda muke, aka haife shi a wurin da ba kowa zai so ya kwana ba. Ta ce ta taɓa ji. Ta mayar mini da littafin, ta ce sabulun dai za ta yi amfani da shi. Muka yi hirar tsadar zare. Da zan tafi ta ba ni maɓallai shida farare, ta ce na rigata sun kusa zubewa.

Ban san ko wannan shi ake kira shaida ba. A hanya na yayyaga katinta ƙanana na zuba a kwandon shara biyu daban-daban.

Shekara goma sha ɗaya, ban taɓa gaya wa Yaya ko rabin abin da na gaya wa baƙuwar nan a minti goma ba. Waƙa kawai nake yi a kusa da ita ina fatan ta tsinci wani abu.

Talata, 24 ga Disamba, ƙarfe 4 na yamma

Sunana ne a jadawalin gobe. Ban roƙi kowa ya karɓe ni ba. Da wane baki?

Laraba, 25 ga Disamba, ƙarfe 2:30 na rana

Na isa ɗakin wanki bakwai saura. Fitila a kunne. Tana zaune a teburin ninki da tulin rigunan filo a gabanta, ta riga ta yi rabi. Ta shirya da mai gugan dare ya tsaya ya kula da injina har azahar.

Na ce Yaya, yau ni ce. Ta ce, "Na sani. Tafi cocinki, za ki makara." Na tsaya. Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ban taɓa barin ki kin yi aiki ranar nan ba. Ba zan fara a ta ƙarshe ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na je coci da rigar aiki a ƙarƙashin mayafi. An cika maƙil, yara sun yi wasan makiyaya, ɗaya ya taka zanin mala'ika ya faɗi, kowa ya yi dariya. Aka ta da waƙar da na fi so. Na buɗe baki ba abin da ya fito. Maigida ya dube ni ya miƙo mini hankicinsa.

Na zuba mata abinci a kula kamar kowace shekara. Yana nan a kan tebur, ban san ko in aika ba.

Alhamis, 26 ga Disamba, ƙarfe 8 na safe

Na aika jiya da yamma. Kular ta dawo a wanke. Da can ba ta taɓa dawowa babu komai a ciki ba.

Asabar, 28 ga Disamba, ƙarfe 11 na safe

Saura kwana uku.

Talata, 31 ga Disamba, ƙarfe 6:50 na yamma

Oga ya yi ɗan jawabi da rana, aka sha lemo, aka ba ta bargo a leda. Zuwa ƙarfe huɗu kowa ya watse, saura ni da ita da inji lamba biyu yana ƙarasa zagayensa. Ina goge tebur sai na ji ta ce, "Zo ki zauna."

Ta buɗe jaka ta ciro katin. Ya yi laushi, gefensa ya naɗe, alamar an daɗe ana juya shi a hannu. Ta miƙo mini ta ce, "Karanta mini."

Na ce ai na ɗauka 'yarta ta karanta mata tuntuni. Ta ce ba wanda ya gani. Ta gane rubutuna ne daga yadda layukan suke gangarowa, kuma ta san ba a ɓoye abin kirki a cikin littafi a manta. Ta ce, "In na ba yarinyar nan ta ga abin da bai dace ba, ba za ta ƙara gaishe ki da daraja ba. Ban so haka ba. Ke ce mai karanta mini. Karanta."

Kwana ashirin da biyar tana ɗauke da shi tana rufa mini asiri.

Na karanta layi na farko, sunanta da sashenmu. Na karanta na biyu: idonta yana mutuwa, tana ɓoyewa don kada ta rasa aiki. Sai na tsaya. Zuciyata ta ce ki ce shi ke nan, ko ki ce an rubuta Allah ya ba ta lafiya, wa zai sani? Yaya ta ce, "Layi uku nake gani."

Na karanta. Zan rubuta shi a nan sau ɗaya, don na riga na faɗe shi da bakina. "Tun da idon ya fara tafiya ba ta da kowa sai ni. Tsoro ya sa zuciyarta ta yi laushi. Yanzu ne lokaci."

Injin ya tsaya a daidai nan, ɗakin ya yi shiru. Sannan ta ce na farko gaskiya ne, na biyu gaskiya ne, na ukun ma rabinsa gaskiya ne, don tana jin tsoro, kuma a wurin nan ba ta da kowa sai ni. Ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ki. Robar da kike ɗaura mini a jarka, ita ma ta jiran lokaci ce?"

Na ce a'a. Na ce Allah ya sani a'a. Ina kuka sosai a lokacin, irin mai majina.

Ta ce, "Na sani. Na dai so in ji."

Na roƙe ta gafara. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Cewa ta yi da na tambaye ta da bakina tun shekarun baya, da ta amsa mini da bakinta, mu ci gaba da ninkinmu. Ta ce, "To ga ni. Faɗi abin da kike so ki faɗa, ba ta hannun Sista ba."

Na faɗa. A birkice ya fito, ba kamar layi na uku ba. Na ce Yesu ne ya riƙe ni lokacin da na rasa cikin nan biyu, na ce na gaskata ya mutu domina ya tashi, na ce duk abin da na samu mai kyau ina so ta samu, shi ya sa. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Na ji, kuma na san da ƙauna kika faɗa. Ina nan a kan addinina, a kansa nake fatan cikawa. Ni ma ina sa ki a addu'a ta bayan injin can, ban dai taɓa rubuta ki na ba wani ba."

Ta karɓe katin daga hannuna ta mayar jaka. Na ce ta bar ni in yaga. Ta ce nata ne, sunanta ne a kai.

Sai ta tashi ta lalubi kwandon ƙarshe, ta jawo zanin gado, ta riƙe baki biyu ta tsaya. Na ɗauki sauran biyun. Muka ja, muka kaɗe, muka tako. Goma sha huɗu ne a kwandon, muka ninke su duka ba mai magana, kuma ko ɗaya bai karkace ba.

A bakin ƙofa na tambaye ta ko zan iya zuwa gida. Ta gyara mayafinta, ta ɗauki bargonta. Ta ce an ba ta takardun magani da rubutu kamar ƙafar tururuwa, 'yarta kuma tana makaranta har la'asar.

"Ki zo, Mai Waƙa. Amma ki bar biro a gida."

Laraba, 1 ga Janairu, ƙarfe 9:15 na safe

Kwalaben maganin idon biyu ne, in ji ta, na safe da na yamma, kuma girmansu ɗaya. Na sa roba a jaka.